Anil Kumble da karyayyen muƙamuƙi

Wallahi duk sanda aka yi zancen kurket ni Anil Kumble, mai jifan ƙwallo na Indiya, nake fara tunawa. Ƙwallonsa ba ta wani juyawa sosai kamar ta sauran masu murza ta, amma tana da sauri ga saiti, da haka ya fitar da masu bugun ƙwallo sau 619 a wasannin Test 132, wato wasannin ƙasa da ƙasa da ake yin har kwana biyar ana bugawa. A 1999 a Delhi shi kaɗai ya kwashe 'yan Pakistan goma cif a zubi ɗaya!

Amma wanda ya fi tsaya min a rai na tsibirin Antigua ne a yankin Caribbean a 2002, muƙamuƙinsa ya karye, aka naɗe masa kai da bandeji, bawan Allah ya dawo fili a haka yana jifa har ya fitar da Brian Lara, shahararren mai bugun ƙwallon ƙungiyar West Indies. Kyaftin kam sai 2007 aka ba shi, a ganina an makara.