Yadda na sa wa motata sabon hon, da abin da ya faru a tsakar gida

Hon ɗin motata ya daɗe yana ba ni kunya. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, kuma in na danna sai ka ce ɗan akuya ne mura ta kama. Abin da ya kai ni bango shi ne wata yamma a kan baifas ɗin Kaduna, wajen Mando, wata tirela ta fara matso ni gefe. Na danna, na danna, direban ko a jikinsa. Allah ne ya tsare. Washegari na wuce Panteka na sayo hon mai iska, irin wanda ke da ɗan kwamfuresa a jikinsa. Mai shagon ya miƙo min wani ɗan baƙin akwati mai ƙafafu huɗu, bai fi kwalin ashana ba, ya ce sunansa rile, in haɗa da shi. Na ce masa ya bar abinsa, na ɗauka neman ƙarin ciniki yake yi.

A gida na kwance tsohon, na jona sabon da wayoyin da na tarar. Dannawa ɗaya, fiyus ya tafi. Na zaro shi, ja ne, amfiya 10, wato yawan wutar da zai iya ɗauka. A jikin kwalin sabon hon kuwa an rubuta amfiya 18, amma ban karanta ba sai daga baya. Dabarar da ta zo min ita ce in sa fiyus mai amfiya 20. Hon ya yi ƙara, sai dai a shaƙe, kuma da na riƙe shi na ɗan lokaci sai na ji warin roba tana ƙonewa. Na taɓa siririyar wayar, ta yi zafi.

Akwai wani dattijo mai riwaya a Tudun Wada (riwayar mota nake nufi, ba ta hadisi ba) wanda tun mahaifina yana jan 504 yake kai masa gyara. Ya tsufa, hannunsa na rawa, yanzu yaransa ke aiki shi yana zaune a benci yana ba da umarni. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, fiyus ba hon yake gadi ba, waya yake gadi. Ka ba siririyar waya babban fiyus, ka sallami maigadi ke nan. Saura kaɗan ka ƙona motarka."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Ya ɗauko rile daga gwangwaninsa, ya fasa murfin ya nuna min cikinsa. Zare ne na jan ƙarfe a nannaɗe, da wani ɗan harshe na ƙarfe. In wuta kaɗan ta ratsa naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo harshen, harshen ya haɗa babbar hanya daga batir zuwa hon. Wutar da naɗin ke sha ba ta kai ko rabin amfiya ɗaya ba. Ya ce maɓallin sitiyari ɗan aike ne, ni kuma na ɗora masa buhun masara. Ya so yaransa su yi min aikin, na ce ni zan yi da hannuna. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," da wata irin murya da sai daga baya na gane ma'anarta.

A ƙasan rile akwai lambobi huɗu: 30, 87, 85, 86. Lamba 30 ita ke karɓar wuta kai tsaye daga kan batir mai alamar ƙari, ta waya mai kauri, na yi amfani da mai milimita 2.5. A kan wannan wayar ake sa fiyus nasa na kansa, amfiya 20, kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin duk tsawon wayar da ke kafin fiyus ba ta da mai tsaronta. Lamba 87 ta tafi hon. Ɗaya ƙafar hon ɗin a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya yi fari. Lambobi 85 da 86 su ne na naɗin, wato na ɗan aike. In ka sami mai ƙafa biyar, ta tsakiya mai lamba 87a ka bar ta, akwai wuta a kanta ne lokacin da ba ka danna ba.

Ranar Asabar bayan Asuba na fara, saboda sanyin safiya. Na ɗauki sifana lamba 10 na kwance kan batir mai alamar ragi tukuna, wannan kam na yi daidai. Na ja wayoyi, na matse kawunansu da filaya, na naɗe da baƙin salatif. Da na zo kan naɗin sai na yi lissafina: tsohon hon wayoyi biyu gare shi, to ɗaya ce ke kawo wuta in an danna, ɗayar ta bodi ce, wato jikin ƙarfen mota. Na zaɓi guda na kai ta 86, na ɗaure 85 a jikin mota.

Ina mayar da kan batir, gari ya ɗauka. Hon mai iska, a tsakar gida, ƙarfe shida da rabi na safe, ba wanda ya taɓa sitiyari. Kaji suka watse, jaririyarmu ta tsandara ihu, sifana ta suɓuce min ta faɗa ƙarƙashin inji. Na kama kan batir da hannu ina ja kafin ya fita. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga da carbi a hannu ya ce, "Malam, lafiya? Na ce ko jirgin ƙasan Rigasa ne ya ɓata hanya." Uwargida ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi min ta koma ɗaki.

Na kira Baba a waya. Ya ce, "Ka gwada da testa kafin ka jona?" Na yi shiru. Ashe motoci iri biyu ne. Wasu in ka danna ne wuta ke zuwa ta waya. Wasu kuma, irin tawa, wuta tana zaune a kan waya ɗaya dare da rana, maɓallin sitiyari shi ke haɗa ɗayar da bodi. Ni na ɗauki mai wuta kullum na ba naɗin, sannan na ba shi bodi kyauta, don haka rile ya kama ya ƙi saki. Ɗan kwan gwaji da bai kai kuɗin lemo biyu ba zai nuna min wannan cikin minti ɗaya. Maganin ma ba wuya: na cire 85 daga bodi, na kai wayoyin tsohon hon duka biyun, mai wuta a 86, ta sitiyari a 85. Na kuma mayar da fiyus mai amfiya 10 gurbinsa. Na danna, na ji rile ya ce ƙas, hon ya amsa da cikakkiyar murya, na saki ya yi shiru.

Sitiyarin kansa ban buɗe ba, Baba ya gargaɗe ni kan wayoyi masu ruwan ɗorawa, na jakar iskar kariya ne. Rile na ɗaure shi ƙafafunsa na kallon ƙasa, bakin hon ma haka, domin ruwan Agusta na Kaduna ba ya neman izini kafin ya shiga bonet, ƙurar hunturu ma haka.

Wata biyar ke nan bai ba ni matsala ba. A hanyar Zariya tireloli na ji na yanzu. A cikin gari ne abin ya zame min nauyi: rannan a cunkoson Kasuwar Barci na ɗan taɓa shi don wani mai Keke Napep, wata tsohuwa da ke tsallaka titi ta zubar da ledar tumatur. Na fito na tsince mata ina ba ta haƙuri, ta ce, "Ɗan nan, motar taka ƙarama, bakinta babba." Tsohon hon yana nan a but. Baba ya ce in kawo motar ya sa min ɗan makunni a dashbod, na gari daban, na hanya daban. Wannan karon yaransa zan bar wa aikin.