Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: "Ba Zan Aurar da Ke da Bashi Ba"

Assalamu alaikum masu karatu. A makon jiya na tsaya a inda muka koma makaranta bayan yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida daga Fabrairu har Oktoba, da yadda na ƙarasa wannan dogon zaman a shagon Baba ina ɗinka maɓalli da kalmasa. Yau maganar kuɗi ce, kuma ita ce ta kusa raba ni da jami'a ina aji uku.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota daga garinmu zuwa makaranta ya ninka, kwanon masara ya bi shi, har 'yar dafa-dukar da muke haɗa kuɗi mu yi a ɗakin kwana ta koma sai an yi lissafi. Muna cikin wannan sai jami'o'in tarayya suka shiga ƙara kuɗin rajista ɗaya bayan ɗaya. A takarda dai karatun kyauta ne, abin da ake karɓa na jarrabawa ne da asibiti da laburare da katin shaida da makamantansu. Tamu sanarwar a rukunin WhatsApp na ajinmu na fara ganinta, wani ya ɗauko hotonta daga allon sanarwa. Abin da na biya bara dubu arba'in da 'yan kai ne. Yanzu ya haura dubu ɗari da ashirin, ban da kuɗin ɗaki. 'Yan likitanci kuwa nasu ba a magana.

Ba zan ce makarantar ba ta da hujja ba. Mun san kuɗin wuta da na gas ɗin janareta sun tashi, mun ga ɗakin gwaje-gwajen da babu kayan aiki. Amma a lokacin mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 30,000 ne. Mai wannan albashin sai ya haɗa na fiye da wata huɗu bai ci bai sha ba kafin ya yi wa ɗa guda rajista. Baba kuwa ko albashin ba shi da shi. Tela ne, abin da ya samu da sallah shi ake ja har wata sallar, kuma mu bakwai ne a gabansa.

Da na kira shi a waya na faɗa masa, shiru ya yi har na ɗauka layin ya yanke. Sai ya ce, "Uwata, sake faɗa mini." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na sake faɗa. Ya ce, "To. Allah na nan. Ki yi karatunki."

Makarantar ta zama wata iri a waɗannan makonnin. Kowa da fayil a hammata, ciki da takardar shaidar shiga jami'a da ta biyan kuɗi ta Remita, ana bin gidajen 'yan siyasa. Yau a ce wane zai biya wa 'yan mazaɓarsa, a kawo sunaye, gobe a ce an rufe. Na rubuta sunana a jeri fiye da ɗaya, ban ga ko sisi ba. A rediyo muka ji gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibanta kimanin 7,000 da ke Jami'ar Bayero. Mun yi musu murna, amma murnar da ke haɗe da wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, domin mu ba 'yan Kano ba ne, ba kuma a can muke karatu ba.

A watan Yuni na wannan shekarar ne shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar ba ɗalibai lamuni. Na samo sharuɗɗanta na karanta wa Baba da na je gida. Sai abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Sannan sai ka kawo masu tsaya maka mutum biyu, kuma ba kowa ba: ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko ma'aikacin shari'a irin alƙali. Baba ya ajiye almakashi ya yi dariya, ya ce, "Wanda yake da irin waɗannan mutane har biyu da za su sa masa hannu, ai ba shi ne talakan ba." Ko da ma mun samu masu tsayawar, ba a fara ba da lamunin a shekarar ba, sai ɗage ranar farawa ake yi.

Yadda aka biya kuɗin nan, sai da na dawo hutu na sani. Inna ta roƙi uwar adashi aka ba ta kwasa kafin layinta ya zo. Sauran kuma daga shago ya fito. Baba yana da keke biyu: tsohuwar Butterfly ta ƙafa wadda ya fara sana'a da ita, da keken surfani mai amfani da wuta, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗinsa. Da shi yake yi wa manyan riguna aiki, kuma shi ne mai kawo kuɗin kirki. Na shiga shagon na tarar da gurbinsa fayau, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti da ɗigon baƙin mai. Ban ce komai ba, shi ma bai ɗago ba. Can yana zura zare a allura ya ce, "Dama tunda fetur ya yi tsada ba na iya tayar masa da janareta. Zama kawai yake yi." Na san ba zama yake yi ba, domin ko a babbar sallar da ta wuce da shi ya kwana yana aiki.

Makarantar ta yarda a biya kashi biyu, aka kuma ƙara wa'adi, da haka na tsallake. Ƙawata ta ɗaki ba ta tsallake ba. Sinadarai take karanta, ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ta rubuta takardar jingine karatu na shekara ɗaya, ta bar mini bokitinta da risho ta ce in ajiye mata. Kafin shekarar ta cika an ɗaura mata aure.

A Afrilun 2024 aka soke waccan dokar aka sa hannu a sabuwa. Aka cire maganar masu tsayawa, aka cire iyakar abin da gida ke samu. Ranar 24 ga Mayu asusun ba ɗalibai lamuni, NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet, da farko ga 'yan makarantun tarayya. Kuɗin rajista kai tsaye za a tura wa makaranta, ba zai bi ta hannun ɗalibi ba, wanda ya nema kuma za a riƙa saka masa naira 20,000 duk wata ta ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa. Ni kuwa ga rajistar aji huɗu tana tafe, kuma babu wani keke na uku da za a sayar.

Na ɗauka Baba zai yi murna. Bayan sallar isha'i na same shi a zaure yana cin tuwo, na zauna gefe na jira ya wanke hannu, sannan na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe.

"Bashi ne ko kyauta?"

"Bashi ne, Baba. Amma ba ruwa a ciki."

"Yaushe ake biya?"

"Sai shekara biyu bayan an gama hidimar ƙasa. Idan mutum ya samu aiki, a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashinsa."

"Idan kina ɗakin mijinki fa a lokacin?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an kai amarya da gado da katifa da kwanuka, sannan a ce wa miji ga kuma bashin gwamnati a wuyanta ba. Me dangin miji za su ce? Cewa za su yi ubanta ya kasa, ya tura 'ya mace ta ci bashi. Ya kawo hadisin da ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ya tuna mini yadda a jana'izar unguwarmu, kafin a sallaci gawa, ake tambaya ko akwai mai bin mamacin bashi. "Wannan kuma wa za a tambaya? Gwamnati za ta zo maƙabarta ta ce ta yafe? Uwata, ba zan aurar da ke da bashi ba."

Mutane da yawa a makaranta sun ɗauka duk iyayen da suka ƙi wannan lamuni jahilci ne ko tsoron riba. Ni dai na zauna gaban nawa uban, kuma ba jahilci na gani ba. Mutum ne da ya ga abin da bashi ya yi wa abokan sana'arsa, kuma a ransa ciyar da ni da karatuna nauyinsa ne shi kaɗai har ranar da zai miƙa ni. A ce 'yarsa ta sa hannu a takardar bashi yana raye, wannan a wurinsa shaida ce a rubuce cewa ya gaza. Abin da ya hana shi barci ke nan. Ni kuma abin da ya hana ni nawa barcin, risho da bokitin da ke ƙarƙashin gadona.

Ni 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma shiga maganata a gaban mutane. Ko lokacin da ta karɓo adashi, cewa ta yi na gyaran ɗaki ne. Amma da safe muna tsakar gida tana matsar tunkuza, Baba yana shirin fita, sai ta yi magana ba tare da ta kalli kowa ba.

"Malam, mai yadin nan na kasuwa ya aiko jiya."

"Na sani."

"Uwar adashi ma saura zubi uku take bina. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Su dai waɗancan ba sa aiko yaro da sassafe."

Ta ci gaba da matsar tunkuzarta. Baba ya tsaya da hula a hannu, bai ba ta amsa ba, ya fita.

Abin da ya yi daga nan shi ne ya kai maganar wurin limamin masallacinmu bayan sallar asuba. Liman ya ce in kawo sharuɗɗan a rubuce, na je kafe aka buga mini, ɗansa ya fassara masa. Ya ce rancen da za ka mayar daidai abin da ka karɓa ba riba ba ne, kuma cin bashi don neman ilimi da niyyar biya ba abin kunya ba ne. A cikin takardar ne kuma aka ga inda sabuwar dokar ta ce ana yafe lamunin idan wanda ya karɓa ya rasu. Baba ya sa aka maimaita masa wannan wurin.

Da daddare ya kira ni, ya ɗauko littafin da yake rubuta awon mutane, wuya da hannu da tsawon riga, ya buɗe shafin ƙarshe inda yake rubuta masu binsa kuɗi. Ya ce in faɗa masa adadin. Ya rubuta da ajami a ƙarƙashin sunan mai yadi. "Ki nema," in ji shi. "Amma a littafin nan bashina ne. Duk wanda ya zo neman aurenki, ni zan faɗa masa da bakina."

Na ɗauka an gama, ashe da sauran aiki. Shafin NELFUND yana neman lambar JAMB ta jarrabawar shiga jami'a, da NIN ta katin ɗan ƙasa, da BVN ta banki, da lambar ɗalibi, kuma dole sunan da ke kansu ya zo ɗaya. Ni kuwa yaron kafen da ya cike mini JAMB tun ina sakandare sunan kakana ya sa a matsayin sunan mahaifi, a katin ɗan ƙasa sunan Baba ne, a banki kuma an haɗa duka biyun. Mutum ɗaya, suna uku. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu, na bi layin gyaran suna tun kafin rana ta fito, na biya kuɗin da a lokacin ya fi ƙarfin abincina na mako. Da wannan ya daidaita, sai shafin ya ce bai ga bayanaina ba, domin makarantarmu ba ta gama tura sunayen 'yan sashenmu ba. Ofishin da na je su ce in je wancan, wancan su ce mai kwamfutar ya fita. Wata ma'aikaciya ce a ƙarshe ta tausaya, ta karɓi lambobinmu mu da yawa a takarda ɗaya ta shigar da kanta. Allah ya saka mata da alheri.

Na cike, na tura, shafin ya nuna ana dubawa. Kullum da na idar da asuba sai na buɗe waya in leƙa. Ana nan makaranta ta fitar da ranar rufe rajista, kuma ta ce wanda bai biya ba ba zai shiga jarrabawa ba, ko ya nemi lamuni ko bai nema ba.

Saura kwanaki kaɗan a rufe, Goggo, yayar Baba, ta iso gidanmu da la'asar ba tare da ta aiko ba. Ta sha ruwa, ta sa aka kori yara waje, ta dube ni ta ce in zauna, maganar tawa ce. Wai akwai wani Alhaji mai shagon siminti a bakin tasha da ya ji halin da ake ciki, ya ce zai biya rajistar gaba ɗaya har da kuɗin ɗaki, gobe-goben nan, kuma ba rance ba ne. Baba ya tambaye ta, "Yaya, a kan me?" Goggo ta gyara mayafi ta ce, "Kai ma ka sani."

Abin da Baba ya ce mata, da abin da ni na ce da aka juyo kaina, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.