Abin da na gani a aikin haɗa garuruwa biyu da iyaka ta raba

Kwamitin da na yi wa sakatare na ƙungiyoyi huɗu ne: cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta gefenmu, takwararta ta ƙetaren iyaka, sai kwalejojin fasaha biyu, ɗaya nan ɗaya can. Tsakanin garuruwan tafiyar safiya ɗaya ce idan hanya a buɗe take, amma kowanne ya ba ɗan'uwansa baya yana kallon babban birnin ƙasarsa, wanda ya fi nisa nesa ba kusa ba. Abin da ya haɗa mu kayan sola ne: faranti, batir, da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Can akwai ƙananan masana'antu da kanikawa masu harhaɗa waɗannan kaya, ga manoman rani masu saye. Nan kuma akwai injiniyoyi da na'urorin gwaji da ke kulle a ɗaki mafi yawan shekara. Manoma na kukan jabun kaya, masu harhaɗa na gaskiya na kukan an yi musu kuɗin goro da maha'inta. Muka ce a samar da takardar gwaji guda ɗaya wadda ɓangarorin biyu za su yarda da ita, ta yadda kayan da aka gwada a gefe ɗaya ba sai an sake gwada su a ɗaya gefen ba.

Rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna bai ba mu wahala ba. Manya suka zo, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Wahalar ta fara ne ranar da muka ɗora wata na'urar gwajin batir a mota za mu kai ta wa masana'antun can ta yi aiki na ɗan lokaci ta dawo.

Jami'in kwastan ɗin da muka tarar dattijo ne mai natsuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na fahimce ka, kuma ban ƙi ba. Amma takardun da ke gabana iri biyu ne: na kayan da za a shigo da su a biya fito, da na kayan da ke wucewa zuwa wata ƙasa. Naka bai faɗa ko ɗaya ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ga yarjejeniyar da shugabanninmu suka sa wa hannu." Ya karɓa, ya karanta ta tsaf, ya miƙo mini. "Wannan tsakaninku ce. Ni ba ta zo mini daga hedikwata ba." Gaskiya ya faɗa. Da ya bar mu mun wuce, shi za a tuhuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo, kuma babu ɗayan masu jawabin nan da zai tsaya masa.

Duniya ta daɗe da samo maganin wannan. Akwai takardar da ake kira ATA Carnet, wadda aka kafa da yarjejeniyar kwastan ta 1961. Cibiyoyin 'yan kasuwa ne ke bayar da ita, kuma tana ba kayan aiki ko kayan baje koli damar shiga wata ƙasa har tsawon shekara guda ba tare da biyan fito ba, muddin za su fita. Sai dai ba kowace ƙasa ke karɓarta ba, kuma a kan iyakarmu ba a aiki da ita. Abin da muka yi shi ne cibiyar 'yan kasuwar can ta rubuta takardar lamuni cewa ita za ta biya idan na'urar ba ta dawo ba, aka rubuta lambar jikin kowane yanki, ana buga hatimi a shiga, a buga a fita. Kafin hedikwata ta aiko da umarnin amincewa da wannan tsari an sha kai-komo, amma tun da ya zo ba mu sake tsayawa kan maganar ba.

Daga nan muka roƙi kwastan da jami'an shige da fice na ɓangarorin biyu su zauna a kwamitin a matsayin 'yan kwamiti, da kujerarsu da bakin maganarsu. Muka kuma buɗe wani littafi da muke rubuta kowane cikas: mene ne, wa ya shafa, kuma wa ke da ikon kawar da shi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai amfani. Da muka bi layi-layi sai muka ga da yawa daga abubuwan da ake ɗora wa "gwamnati" ba su kai babban birni ba. Lokacin buɗe ƙofa da rufe ta bai zo ɗaya ba a gefen biyu. Fom ɗin da ake cikewa da harshen aikin gwamnati na ƙasa ɗaya, ɗaya ƙasar ba ta karɓa sai an fassara. Irin waɗannan shugabannin ofisoshi biyu ke iya daidaitawa a zama ɗaya, idan an sami mai haɗa su. Waɗanda suka fi ƙarfinmu kuwa muka riƙa aikawa sama ɗaya bayan ɗaya, kowanne da takardarsa, don mun lura idan aka tura ƙorafi goma a ambulan ɗaya babu wanda ake amsawa.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Puigcerdà, garin Sifaniya da ke kan iyakarta da Faransa, an buɗe asibitin haɗin gwiwa a 2014 don mutanen kwarin Cerdanya na ƙasashen biyu. Gini ya tsaya, likitoci sun zo, amma jaririn Bafaranshiya da aka haifa a ciki a doka an haife shi a ƙasar waje, kuma a shekarun farko Bafaranshen da ya rasu a ciki sai an bi ƙa'idar ɗaukar gawa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin a kai shi ƙauyensu da ke nan kusa. Wannan a cikin Tarayyar Turai ke nan, inda aka fara haɗin gwiwar yankunan kan iyaka tun 1958 da EUREGIO tsakanin Jamus da Holan, kuma ake zuba kuɗi ta shirin Interreg tun 1990.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne maganar gwajin kanta. Kafin kowa ya yarda da takardar wani, sai mun tabbatar ɗakunan gwaji biyu suna ba da amsa ɗaya. Muka ɗauki batir iri ɗaya daga masana'anta ɗaya, muka raba wa kwalejojin biyu. Sakamako ya fito da bambancin da ya isa ya jawo rigima. Na can suka ce na'urarmu ta tsufa, namu suka ce na can ba su iya ba. Wata injiniya daga kwalejin can, mace marar yawan magana, ta ce a kawo mata takardun aikin duka biyu, ba sakamakon ba. Ta baza su kan tebur tana bi da ɗan yatsa. Can ta ɗago ta ce wa shugaban sashenmu, "Yallaɓai, ku a awa 10 kuke zuƙe batir, mu a awa 20." Batirin dalma idan aka ja wutarsa da sauri ƙarfin da zai nuna ya kan ragu, idan aka ja a hankali ya nuna fiye. Ga kuma zafin ɗaki: ana auna irin waɗannan kaya a ma'aunin zafi 25, ɗaya ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki, ɗayan babu. Babu wanda ya yi ƙarya, kowa hanyar da aka koya masa ya bi. Aka zauna aka rubuta hanyar gwaji guda, aka jingina ta da ƙa'idar ISO/IEC 17025 da ɗakunan gwaji na duniya ke bi, aka kuma ajiye batir ɗaya da faranti ɗaya da ake kaiwa da kawowa lokaci-lokaci don a ga ko awon ya kauce. A ganina ranar nan ce aikin ya zama na gaske, domin daga ita injiniyoyin suka fara kiran juna a waya ba tare da sun bi ta kaina ba.

Kuɗi kuwa nasu ciwon kan daban. Shekarar kasafin kuɗin kwalejojin ba ta farawa wata ɗaya, kuɗin ƙasashen ba ɗaya ba ne, canji na hawa da sauka, kuma dokar kowace ƙasa ba ta son a kashe kuɗin gwamnati a ƙetare. Da farko kowa ya riƙa kashe nasa a gefensa, muka raba ayyukan yadda hakan zai yiwu. Daga baya muka yi wa wata ƙungiya rajista a gefe ɗaya, kujeru daidai wa daida, shugabanci na karɓa-karɓa, kuma ba a fitar da ko sisi sai da sa hannu biyu, ɗaya daga kowane gefe. Turai ta yi wa irin wannan doka ta musamman a 2006, wadda ta ba hukumomin ƙasashe daban-daban damar kafa hukuma ɗaya mai asusunta da ma'aikatanta. Ta farko ita ce ta garuruwan Lille da Kortrijk da Tournai, kan iyakar Faransa da Beljiyam, a 2008. Mu ba mu da irinta, kuma ina ganin rashinta na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe irin wannan yunƙuri a wurare da yawa: idan tallafin masu ba da agaji ya ƙare, babu wata hukuma da aikin ya rataya a wuyanta.

Akwai tsoron da ba a cika faɗa a taro ba, amma yana nan: ƙaramin gefe na jin babban zai haɗiye shi. Tsoro ne mai tushe. A haɗin gwiwar Singafo da Johor ta Malesiya da Riau ta Indonesiya da aka fara a 1989, jari da ofisoshi na Singafo, fili da ma'aikata na maƙwabta. Tsibirin Batam ya cika da masana'antu, amma har yau ana muhawara kan wanda ya kwashi kaso mai tsoka. Shi ya sa muka ƙi tara komai a wuri ɗaya. Babban ɗakin gwaji ya zauna gefenmu, wurin koyar da kanikawa da gonar gwaji suka zauna can, taro kuma wannan karo nan, wancan karo can. Wasu sun ce ɓarnar mai ce da lokaci. Ni ban yarda ba. Zumunta a ƙafa take, kuma mutumin da kullum shi ke tsallakowa ba ya daɗewa bai fara jin an raina shi ba.

A wannan gonar gwaji ne ƙirƙirar da muke alfahari da ita ta fito. Matsalar manoma ita ce idan ruwan rijiya ya ja baya injin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Wani bakanike na can, wanda bai yi karatu mai zurfi ba amma ya kwance injinan da suka ƙone ba adadi, ya lura cewa wutar da inji ke ja tana raguwa da zarar ruwa ya yanke. Wani ɗalibinmu ya mayar da wannan lura ɗan ƙaramin allon lantarki da ke kashe injin idan wutar ta faɗi ƙasa da wani mizani, ya jira, ya sake kunnawa. Irin wannan kariya na nan a injinan manyan kamfanoni, amma wannan namu ana iya haɗa shi da kayan da ke kasuwa kuma bakanike na iya gyara shi. Nan take maganar mallaka ta taso. Takardar mallakar ƙirƙira a ƙasar da aka yi mata rajista kawai take aiki; ko a Afirka akwai ƙungiyoyi biyu, OAPI mai hedikwata a Yawunde da ARIPO mai hedikwata a Harare, wasu ƙasashen kuma ba sa cikin ko ɗaya. Abin da ya cece mu shi ne tun kafin a fara aikin gonar an rubuta cewa duk abin da aka ƙirƙiro sunan masu hannu a ciki zai hau, ko suna da digiri ko babu, kuma masana'antun gefen biyu za su iya ƙerawa da sharaɗi ɗaya. Da sai bayan abin ya fito aka zauna rabon, ba na jin za a tashi lafiya.

Sai kuma aka rufe iyakar, saboda saɓanin da ya taso tsakanin manyan biranen biyu, wanda ba a tambayi kowa a cikinmu ba. Haka abin yake ko'ina. Gadar Øresund da ta haɗa Kwapanhagan ta Denmark da Malmö ta Suwidin tun 2000 ta mayar da garuruwan kamar kasuwar aiki ɗaya, amma da Suwidin ta dawo da duba katin shaida a farkon 2016, dubban masu zuwa aiki kullum suka ga tafiyarsu ta ƙaru. A wajenmu koyarwa ta tsaya, kayan gyara suka yi wuya, wasu masana'antu suka sallami yara. Abin da bai tsaya ba shi ne takardar gwajin. Tun da hanyar awo ɗaya ce, kowane gefe ya ci gaba da gwada nasa yana aika sakamakon ta intanet, ɗayan ya sa hannu. Da aka buɗe ƙofa, jami'an da muka zauna da su a kwamiti su ne suka fara kira suna tambayar ko tsarin lamunin nan na nan.

Ina bin labarin yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a 2018, aka fara aiki da ita a farkon 2021, da kuma tsarin biyan kuɗi na PAPSS da aka ƙaddamar a Akara a 2022 don ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa ɗan'uwansa ya karɓa da nasa. Ina kuma son a yawaita irin ofishin Chirundu na kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, inda tun 2009 mota ke tsayawa sau ɗaya maimakon biyu. Amma a littafinmu cikas ɗin da ya fi daɗewa ba a goge ba shi ne na takardar shaidar kanikawa. Yaron da ya gama koyon aiki a wurinmu na can, hukumar ba da lasisin aikin lantarki ta gefenmu ba ta san takardarsa ba, don haka ba zai iya karɓar kwangila da sunansa ba sai ya laɓe bayan wani. Mun jera manhajojin biyu darasi-darasi, mun nuna inda suka yi daidai da inda za a cike, mun aika wa hukumomin biyu. Ɗaya ta amsa ta ce a turo mata jarrabawar aikin hannu ta gani, kuma injiniyar nan ce ke shirya ta yanzu.