Yadda na rabu da ɗaurewar sharaɓa bayan jinyar targaɗe

Targaɗen da na yi a idon sawu wajen ƙwallo ya warke, kumburi ya saɓe, amma da na koma gudun safe a filin wasa na Pantami da ke Gombe sai wata matsala ta ɓullo. Ina cikin gudu sharaɓar ƙafar da ta yi jinya za ta ɗaure tamau kamar dutse, dole in tsaya ina ɗingishi.

Kowa a filin da maganinsa. Wani dattijo da muke zagaye tare ya ce, "Ɗana, gishiri ne ya ƙare a jikinka, ka riƙa cin ayaba." Na ci, na kuma ƙara shan ruwa, don zafin Gombe a watan Maris da Afrilu yakan kai maki 40, gumi kuwa ba a magana. Ƙishi ya ragu, ɗaurewar ba ta daina ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, me ya sa kullum ƙafa ɗaya ce? Ai duka biyun jini ɗaya ke ratsa su.

Likitan gashin ƙashi ne ya warware mini. Ya ce in dafa bango, in tsaya da ƙafa ɗaya in riƙa ɗaga diddige. Lafiyayyar ta yi ta yi, mai jinyar kuwa nan da nan ta fara rawa. "Malam, ka gani? Tsokar ta rame saboda zama, kai kuma kana nemanta da aikin da take yi a da." Ya bayyana mini cewa tsoka biyu ne a sharaɓa, suna haɗuwa a agara su kama diddige, kuma kowane taku na gudu nauyin da suke ɗauka ya ninka na jiki sau da yawa. Idan suka gaji, saƙon da jijiyoyi ke aiko musu yakan rikice, sai su matse su ƙi saki.

Na koma haɗa tafiya da sassarfa, minti 1 gudu, minti 2 tafiya, in huta washegari. Hawan tudu da gudu cikin yashi na jingine su. A gida ina ɗaga diddige a bakin matakala, wani lokaci da gwiwa a miƙe, wani lokaci a ɗan lanƙwashe, don kowace tsoka ta samu rabonta. Likitan ya ce sai na iya ɗagawa kamar sau 20 zuwa 25 da ƙafa ɗaya kafin in yi tunanin tsere. Aikin yana da gundura, gaskiya, amma shi ya yi mini magani. In kuma sharaɓar ta ɗaure, ina miƙe gwiwa in janyo yatsun ƙafa wajen ƙwauri, in riƙe har ta saki.

Akwai gargaɗinsa da nake so duk wanda ya yi jinyar ƙafa ya ji, musamman wanda aka yi wa ɗori ko ya daɗe a kwance. Ɗaurewa ta gaskiya takan saki cikin mintuna. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta ɗauki zafi, ciwon ya ƙi tafiya ko kana zaune, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiyar jini. Kada a murza, kada a gasa, a tafi asibiti a ranar. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko minti ɗaya kada a jira.