Abin da nazarin addinai ya koya mini

Darasi mafi nauyi da na samu daga nazarin addinai a jami'a shi ne raba tambayoyi biyu da aka saba cuɗawa. A zaure, gaban malam, ana neman hukunci ne, halal ko haram. Mai bincike kuwa yana so ya san yadda wata aƙida ta iso gari, su wane ne suka fara karɓarta, da abin da ya ja su gare ta. Tambaya ta biyu ba ta soke ta farko, ko da yake wasu dattawanmu na ɗaukarta boko ne tsantsa. Ga irin waɗannan nakan ambaci Albiruni, wani malami Musulmi na da, wanda ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta aƙidun mutanen Indiya wajen shekarar 1030 kamar yadda masu su suke faɗarsu.

Maradi kanta makaranta ce ga wannan fanni. Wanda ya karanta jihadin 1804 daga rubutun malaman Sakkwato kaɗai zai ga nasarar gaskiya a kan bidi'a, amma a nan, inda zuriyar sarakunan Katsina irin su Ɗan Kasawa suka kafu bayan birninsu ya fita hannunsu, labarin na ƙwacen sarauta ne, kuma masu ba da shi Musulmi ne. Dole mai bincike ya ajiye ruwayoyin biyu kusa da juna, ya tambayi kowace daga bakin wa ta fito. Haka ma Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978: ba a gane yaɗuwarta a Maradi sai an dubi zirga-zirgar 'yan kasuwa ta hanyar Katsina, da yadda matasa suka gaji da ɗawainiyar biki da suna.

Aikin fili, wato fita bincike cikin jama'a, ya fi karatun wuya. Na zauna a tsakar gidan wata tsohuwa 'yar bori, tana tsince wake a faifai, ta katse bayaninta ta ce, "Ɗana, bari in yi la'asar." Malaminmu ya sharɗanta mana mu karanta wa kowa abin da muka rubuta a kansa kafin mu miƙa aikin. Da na karanta mata nawa, ta gyara mini wurare da dama, yawancinsu inda na saka mata dalilan da ba ita ta faɗa ba.