Rigar da almakashi bai ci komai a jikinta ba

A shekara ta biyu ta karatun ɗinki da zanen tufafi, darasin da ya fi cin lokacinmu shi ne fitar da takardar yanka. Za ki auna ƙirji da ƙugu da kafaɗa da tsawon baya, ki raba huɗu, ki ƙara ƴan santimita don rigar ta sake, sannan ki zana rabin jiki. Mu nan Damagaram takardar buhun siminti muke kakkaɓewa mu bi ta da dutsen guga, don ta kanti ta fi ƙarfin aljihun ɗaliba. Yankan Faransa ake koya mana: hammata a lanƙwashe, wuya a lanƙwashe, a matse nan a saki can har yadi ya bi jiki. Yana da kyau, ba musu. Amma in an tashi aji sai ki ga ƙyallaye tuli a ƙarƙashin tebur, kuma shadda ce da kuɗi aka sayo ta.

Aikin gida na wannan zangon shi ne kowa ta kawo tsohuwar tufa, ta auna ta ba tare da ta farke ɗinki ba, ta fitar da takardarta. Yawancin ƴan ajinmu kwat ɗin gwanjo suka ɗauko daga kasuwar Dole. Ni kuwa na roƙi Inna ta buɗe akwatin marigayi kakana a Birni, na fito da babbar rigarsa ta saƙi.

Da na shimfiɗa ta a tabarma, sai na rasa inda zan aza abin zanen lanƙwasa. In ban da bakin wuya, komai miƙe yake. Masaƙi ya saƙo ta siririya, faɗin kowace saƙa bai kai tafin hannuna ba, baƙi-baƙin baba da ɗigon fari kamar bayan zabuwa, aka jera su gefe da gefe aka haɗa da allura. Tsayin da ake so a nan ake yanke saƙar, ragowar ta zama farkon ta gaba. Aljihu falle ne babba da aka ɗora a ƙirjin hagu, a kansa aikin zare na aska takwas yake, ga na tambari a gefe. Ta ciki, a bakin ƙasa, an yi mata shafi da jan ƙyalle, wanda ba ya nunawa sai mai riga ya yi taku ko ya naɗe hannunta bisa kafaɗa. Zaren wajen wuya ya ɗan ci saboda zufa, amma haɗin bai buɗe ko'ina ba.

Na kai wa Kawu, wanda ya tsufa a kan keken ɗinki. Ya juya ta ya ce, "Ɗiyata, wanda ya san wahalar kaɗi da saƙa ba ya zubar da ko ɗan yatsa na ƙyalle. Mu ne da muka samu yadin kanti muka koyi ɓarna."

Na ce, "To Kawu, awon fa?"

Ya ce, "Kamu da taƙi. Kuma rigar ba ta tambayar mutum ko ya yi ƙiba bana."

Abin da ke damuna ke nan da manhajar karatunmu. Mun haddace cewa Christian Dior, mai zanen tufafi na Faransa, ya fito da sabon salonsa a 1947, siket mai cin yadi bayan ƙuncin yaƙi. Mun san Alphadi, mai zanen tufafi ɗan Nijar, ya buɗe bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 cikin hamadar Tigidit kusa da Agadas, kuma muna alfahari da shi. Amma babbar riga sai a darasin tarihi take leƙowa, a matsayin kayan gargajiya, hoto ɗaya a wuce. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga lissafin da ke cikinta. Alhali duk Sallah muna tsaye a ƙofar fada muna kallon dogarai cikin ja da kore, da hakimai cikin riguna irin wannan, a garin da rana ke hana mutum sha'awar matsattsen kaya tun daga watan Maris.

Malamarmu, don Allah, ba ta ƙi ba. Ta dai dubi takardata ta ce ba ta san yadda za ta ba ta maki ba, tunda takardar gyaran tana neman lanƙwasar hammata da matsin ƙirji. Muka yi yarjejeniya: zan ɗinka doguwar rigar mata da wannan dabara, duk yanka a miƙe, in auna abin da ya rage a sikeli, a kwatanta da na sauran.

Atamfa turmi guda na saya, yadi 6. Inda na tsaya yanzu hammata ce, don hannu miƙaƙƙe yana ja in an ɗaga shi. Kawu ya nuna mani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake cusawa a wurin, irin na tsofaffin taguwoyi, kuma daga abin da na fitar a wuya zan yanko shi.