Asabar a Tudun Hatsi, da gardamar kan iyaka

Yau na wuni a kasuwar Tudun Hatsi da ke nan Gombe ina taya Kawu rubuta lissafin buhunan masara da gero, domin yaron da ke yi masa wannan aiki ya tafi biki Kumo. Da hantsi wani direba da ke jiran lodi ya kunna waƙa a wayarsa, irin waɗanda aka riƙa ji bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da ake ta maganar tura sojoji Nijar. Kiɗan kalangu ne da aka haɗa a situdiyo, saƙon kuma shi ne wanda kowa ya sani: Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, Bature ne ya ja layi a tsakaninsu.

Wani Alhaji ɗan Damagaram, wanda ya daɗe yana sayen hatsi a wurin Kawu, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, wallahi yaron nan bai yi ƙarya ba, da za a share bodar nan da kowa ya huta." Ya tuna mana rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma na 2023, wanda aka haɗa da yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. Ya ce a wancan karon motocin kaya sun yi makonni a jere a Illela da Jibiya har wasu kayan suka lalace. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ko ɗan'uwanka da kuke ciki ɗaya, idan ya zo gidanka a zaure yake sallama."

Ta fuskar tarihi, mawaƙin da Alhajin suna da hujja mai ƙarfi. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 an zana ta ne a yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, da farko daga Say a gaɓar kogin Neja zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, daga baya kuma aka turo layin kudu saboda Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram. Ba a nemi shawarar Katsinawan Maraɗi ko Gobirawan Tsibiri ba. Mu mutanen Gombe ma muna da namu abin tunawa, duk da cewa jiharmu ba ta yi iyaka da wata ƙasa ba, domin a Burmi, cikin ƙaramar hukumar Funakaye ta yanzu, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas, kuma waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno, ba tare da wani ya tambaye su fasfo ba.

Amma ni dai na fi karkata ga Kawu. Waƙa tana iya ambaton auratayya da cinikayya da sallar idi, sai dai ban taɓa jin mawaƙi ya sa makaman da suka kwararo ta hamada bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 cikin baitinsa ba, kuma hanyar da ɗan'uwa ke bi ya zo gaisuwar mutuwa ita ce mai safarar bindiga ke bi. Shugabannin Afirka da suka taru a Alƙahira a 1964 sun san layukan nan na 'yan mulkin mallaka ne, amma suka amince a bar su yadda suke, domin sake zana su yaƙi ne da ba a san ƙarshensa ba. Rikicin Bakasi kaɗai sai da ya kai gaban kotun duniya kafin a yanke hukunci a 2002.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sarrafa iyakar. Tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta ba ɗan ƙasashenta damar shiga wata ƙasa ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Duk lokacin da shugabanni suka ɓata aka rufe boda, babban ɗan fasa-ƙwauri yana da ɓarauniyar hanyarsa, wanda ke shan wahala shi ne mai buhu goma da makiyayin da ya koro dabbobi kasuwar Maigatari.

Bayan la'asar suka daidaita kan farashi, Alhajin ya nemi Kawu ya sassauta masa wani abu a kan kowane buhu saboda kuɗin da za a karɓa a shingayen hanya daga nan zuwa Jigawa. Kawu ya rage masa rabin abin da ya nema, ni kuma na rubuta ragin a shafi na dabam kamar yadda ya umarce ni.